Digirin halayyar yara da aikin malanta: abin da ɗalibi yake samu da kuɗinsa da shekarunsa

A yawancin jami'o'in Nijeriya da suke da tsangayar ilimi akwai wani layin karatu da yake haɗa abubuwa biyu a takardar shaida ɗaya, wato nazarin yadda ɗan'adam yake girma a jiki da tunani da ɗabi'a tun yana ciki har ya tsufa, da kuma horon aikin malanta. Sunan kwas ɗin ya danganta da jami'a. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashe sukutum na halayyar ɗan'adam a fagen ilimi da ba da shawara, a wasu jami'o'in kuma ana samunsa ƙarƙashin jagoranci da ba da shawara, ko renon ƙananan yara, ko ilimin firamare, ko ilimin masu buƙata ta musamman, kamar yadda ake da sashensa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. Ni ta wannan layi na bi bayan na yi NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, kuma yanzu ina riƙe da wata makarantar firamare da ake turo mata ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi domin gwajin koyarwa, saboda haka na ga hajar lokacin da nake mai saye, kuma ina ganinta yanzu lokacin da ake kawo mini ita a ƙofa. Ra'ayina shi ne karatun ya cancanci kuɗi da shekarun da ake zuba masa, amma ba ga kowa ba, kuma ba ta kowace ƙofa ba.

Ƙofofin shiga uku ne, kuma iyaye da yawa ba sa bambance su sai bayan an biya kuɗin rajista. Wanda ya fito daga sakandare yana bi ta jarrabawar JAMB ya yi shekara huɗu. Mai takardar NCE yana shiga kai tsaye daga aji biyu ya yi shekara uku. Wanda kuma ya riga ya yi digiri a wani fanni, ko da halayyar ɗan'adam ce zalla irin wadda ake karantawa a tsangayar kimiyyar zamantakewa, wadda Jami'ar Nsukka ta fara buɗe wa sashe a ƙasar nan a 1964, ba malami ba ne a idon doka har sai ya ƙara da babbar difilomar koyarwa, wato PGDE. Ana yin ta a jami'o'i, ana yin ta a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 lokacin da shirin ilimin firamare kyauta ya jawo ƙarancin malamai, ana kuma yin ta a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Kowace ƙofa mutum ya bi, a ƙarshe sai ya tsaya gaban hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda doka ta kafa a 1993, kuma tun daga 2017 take shirya jarrabawar cancanta kafin ta ba da lasisi. Hukumar tana sanya mai NCE a rukunin D, mai digiri a rukunin C, mai digiri na biyu a B, dakta kuma a A.

Abin da ya fi daraja a cikin kunshin, a ganina, shi ne darussan girman yaro da na yadda ake koyo, waɗanda ake ɗauka a shekarun farko. A nan ne ɗalibi yake haɗuwa da Jean Piaget, mutumin Suwizalan da ya rasu a 1980, wanda ya kasa tunanin yaro zuwa matakai huɗu: daga haihuwa zuwa shekara biyu yaro yana sanin duniya ne da hannu da baki da ido, daga biyu zuwa bakwai yana da harshe amma abin da ido ya gani yana rinjayar hankalinsa, daga bakwai zuwa sha ɗaya yana iya lissafi da hujja muddin akwai abin taɓawa a gabansa, sannan daga nan ya fara iya tunani a kan abin da ba ya nan. A takarda wannan jerin ba ya da wani armashi, kuma da yawa suna haddace shi su zubar ranar jarrabawa. Amma wata ɗalibar da aka turo mana ta gwada shi a aji ɗaya da murafen kwalba. Ta jera murafe a layi biyu, kowane layi shida, ta tambayi wani yaro ko daidai suke, ya ce daidai suke. Sai ta warwatsa layin ƙasa a kan idonsa ba tare da ta ƙara ko ɗaya ba, ta sake tambaya, ya nuna layin da ya fi tsawo ya ce shi ya fi yawa. Wannan yaron yana iya rera ɗaya zuwa ɗari da Turanci ba tare da ya yi tuntuɓe ba, kuma malamin ajin ya daɗe yana lissafa shi cikin masu ƙoƙari. Daga ranar malamin ya gane cewa rera lambobi daban, fahimtar adadi daban, ya koma amfani da tsakuwa da kara kafin ya hau allo. Malamin da bai taɓa jin wannan darasi ba zai ci gaba da ɗaga murya da bulala, yana zaton taurin kai ne, alhali tunanin yaron ne bai kai wurin ba tukuna.

Lev Vygotsky na Tarayyar Sobiyet, wanda ya rasu a 1934 yana da shekara 37, ya fi Piaget amfani ga malamin da yake fama da aji mai cunkoso. Abin da ya kawo shi ne akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya yi shi kaɗai da abin da zai iya yi idan wanda ya fi shi ya kama masa, kuma a cikin wannan tazara ce koyarwa take cin nasara. Bahaushen da ya yi makarantar allo ba ya buƙatar doguwar lakca kafin ya gane haka, domin ya ga gardi yana biya wa kolo, ya ga malam ba ya ƙara wa almajiri rubutu sai ya iya wanda ke kan allonsa, kuma kowa yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa ba gwargwadon shekarunsa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin biranenmu ya san ana ninka wannan adadi har a wuce. A irin wannan aji, rarraba yara gwargwadon abin da suka iya, da sanya wanda ya gane ya taimaki wanda bai gane ba, shi ne kusan kaɗai abin da yake aiki. Shirin KaLMA da aka fara gwadawa a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil na jihar Kano a kan wannan tushe aka gina shi, inda ake auna yaran aji huɗu zuwa shida a raba su rukuni-rukuni bisa matakin karatunsu, salon da aka aro daga ƙungiyar Pratham ta Indiya. Ɗalibin da ya fahimci Vygotsky ba ya shan wahalar gane dalilin irin wannan shiri idan ya same shi a wurin aiki.

Akwai wasu darussa biyu da ɗalibai suke rainawa, ni kuwa ina ganin su ne suke biyan kuɗin makaranta. Na farko shi ne auna fahimta da tsara jarrabawa, inda ake koyon yadda ake rubuta tambayar da take auna abin da aka koyar, da yadda ake gane cewa tambayar ce ba ta da kyau ba yaran ba, idan kusan duk aji ya faɗi a kanta. Na biyu shi ne gabatarwa ga ilimin masu buƙata ta musamman. A kowace makaranta akwai yaron da aka yi wa laƙabi da daƙiƙi, aka tura shi bencin baya, alhali kunnensa ne ba ya ji sosai tun bayan wani ciwo da ya yi, ko idonsa ne ba ya hango allo, ko kuma haruffa ne suke rikice masa duk da cewa a baki ya fi kowa kaifi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 57, kuma an san tsumburewa tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tsawo kaɗai ba. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, waɗanda suka rayu kuma da yawansu sun tashi da raunin fahimta. Malamin da ya san waɗannan abubuwa yana tambayar uwa tarihin lafiyar ɗanta kafin ya yanke masa hukunci, kuma wannan tambaya ɗaya ta sha canza makomar yaro a makarantarmu.

Matsalar farko da nake gani ita ce kusan duk yaran da ake misali da su a takardun lakca na Jeneba ne ko na Landan ko na wani birnin Amurka. Ana koyar da John Bowlby da ra'ayinsa na shaƙuwar jariri da mai renonsa kamar kowane jariri a duniya uwa ɗaya yake gani daga safe zuwa dare, alhali a gidan Bahaushe jariri yana yawo ne daga bayan uwa zuwa na kishiyarta, zuwa na kaka, zuwa na yayarsa 'yar shekara takwas. Ɗalibin da ya ɗauki darasin a yadda aka ba shi zai iya kallon uwar da take kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ya ce ba ta ƙaunarsa, ko ya kalli yaye a gidan kaka da riƙo a gidan gwaggo a matsayin cuta, ba tare da ya tambayi abin da al'adar take cim ma da su ba, da kuma inda take cutarwa da gaske idan ta cutar. Abin takaicin shi ne an yi bincike a kan yaranmu. A 1977 wasu masana, cikinsu har da Robert LeVine, sun wallafa nazarin da suka yi a kan jariran Hausawa, inda suka nuna jariri yana shaƙuwa da masu reno fiye da ɗaya ba tare da ya rasa wadda ya fi jingina da ita ba. A cikin waɗannan shekaru Enid Schildkrout ta zauna a birnin Kano ta yi nazarin aikin yara, ta nuna yadda talla da aike suke riƙe da sana'ar matan kulle, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa yarinya take makara ko take fashin makaranta ranar kasuwa. Bame Nsamenang na Kamaru ya shafe rayuwarsa yana bayanin cewa a Afirka ana auna girman yaro da nauyin da aka iya ɗora masa, ba da shekarunsa kaɗai ba. Ni ban ji sunan ko ɗaya daga cikinsu a aji ba, sai daga baya na tsince su da kaina, kuma ɗaliban da ake turo mana har yanzu ba sa saninsu. Ko hadisin umartar yara da salla a shekara bakwai, wanda kowane ɗalibi Musulmi ya sani, ya isa ya buɗe muhawara mai daɗi idan aka ajiye shi kusa da matakan Piaget, amma ba a cika yin haka ba. Sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta, saboda haka uzurin cewa daga Abuja aka ɗaure hannun kowa ya ragu.

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma, domin ita ce take hana rabin farko na karatun haɗuwa da rabi na biyu. Ana koyar da cewa yaro yana koyo ne ta hanyar taɓawa da gwadawa da tambaya, amma ana koyar da hakan ne a babban ɗakin lakca mai ɗaruruwan ɗalibai, malami yana shifta, na baya ba sa ji, kuma jarrabawa ba ta wuce a ce ka lissafa matakai takwas na girman ɗan'adam da Erik Erikson ya tsara. A jami'ar da na yi karatu na gama darasin girman yaro da maki mai kyau ba tare da an taɓa sa ni in zauna in kalli yaro ɗaya na tsawon sa'a guda in rubuta abin da na gani ba, duk da cewa makarantar 'ya'yan ma'aikata tana cikin harabar, tafiyar ƙafa kaɗan daga ajinmu. Malaman halayyar ɗan'adam suna sashensu, malaman dabarun koyarwa suna nasu, kowa yana ba da makinsa. An sayar wa ɗalibi fura daban, nono daban, damu kuma ya rage nasa. Ba na ɗora laifin duka a kan malaman jami'a, domin wanda aka ba shi ɗalibai ɗaruruwa shi kaɗai ba zai iya duba rahoton lura da yaro na kowane ɗaya ba, amma mai biyan kuɗi ya kamata ya san cewa haɗin da sunan digirin ya yi masa alkawari ba a aji ake yin sa ba.

Wurin da ya kamata a yi haɗin shi ne gwajin koyarwa, wanda galibi makonni shida ne sau biyu, ko zango guda a jere. A nan ina magana ne a matsayin mai masauki. Ɗalibai suna zuwa da takardar turowa da sabon littafin shirin darasi, mu kuma, gaskiya ɗaya ce, saboda ƙarancin malamai sau da yawa mukan miƙa musu aji ne gaba ɗaya tun makon farko, maimakon mu zaunar da su su kalli gogaggen malami tukuna. Mai duba daga jami'a yakan zo yana sauri saboda yana da makarantu da yawa a ranar, ya zauna a bayan aji na ɗan lokaci, ya duba ko an rubuta manufar darasi da matakansa yadda aka koyar, ko an raba allo, ko an zo da kayan koyarwa, ko tufafi sun dace, ya sa hannu ya wuce. Ɗalibai sun san haka, shi ya sa ranar da ake sa ran zuwansa ake ganin kwali mai zane mai kyau da ba a ƙara ganinsa ba bayan ranar. Ban taɓa ganin takardar maki da take tambayar ɗalibi wane yaro ne a ajin nan bai gane ba, me ya hana shi ganewa, kuma me za ka yi masa gobe, alhali wannan ita ce tambayar da ta bambanta mai wannan digiri da kowane malami. Ɗalibar da ta zo da murafen kwalba don kanta ta yi, babu maki ko ɗaya da ta samu a kai.

Sai batun darasin koyarwa, wato fannin da malami zai riƙa koyarwa a aji, wanda shi ne yake ba mutane mamaki ranar neman aiki. Wanda ya karanta ilimi da lissafi ko ilimi da Hausa ya san abin da zai faɗa idan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko mai makarantar kuɗi ya tambaye shi me zai koyar. Wanda ya karanta jagoranci da ba da shawara zalla yakan yi shiru, a ƙarshe a ba shi nazarin zamantakewa ko ilimin zama ɗan ƙasa, ko duk darasin da ya rasa mai shi. Wasu jami'o'in suna tilasta wa ɗalibi ɗaukar darasin koyarwa ɗaya a gefe har ya gama, wasu kuma suna sassautawa, kuma wannan bambanci ya fi sunan jami'ar muhimmanci. Sanin yaro ba ya maye gurbin sanin abin da za a koya masa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba, kuma duk da cewa ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka shirya jarrabawar, babu wanda ya fito ya ce matsalar ba ta nan. Abin da na fi jin rashinsa shi ne koyar da karatu kansa, wato yadda ake ɗaukar yaro daga sautin harafi zuwa gaɓa zuwa kalma zuwa jimla, musamman da Hausa. Tun shirin Ife na koyar da yaran firamare da Yarbanci na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 aka nuna cewa yaran da aka koyar da harshen uwa ba su yi baya ba, har a Turancin ma. Gwamnati ta ayyana koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare a 2022, ta kuma sanar da janye hakan a ƙarshen 2025, amma ko me takarda ta ce, yaron aji ɗaya a Gumel ko Funtuwa da Hausa yake tunani. Malaman makarantarmu da suka fi iya koyar da karatu ba a jami'a suka koya ba, a bitocin shirye-shiryen tallafi irin su RANA da aka yi a Katsina da Zamfara, da wanda aka yi a Bauchi da Sakkwato, suka samo shi, kuma abin kunya ne a ce bitar 'yan kwanaki ta ba malami abin da digirin shekara huɗu bai ba shi ba.

Game da kuɗi, rajista ta tashi ƙwarai a jami'o'in tarayya da na jihohi tun daga 2023, kuma dole a lissafa da kuɗin mota da kayan koyarwa lokacin gwaji, da buga kundin bincike a shekarar ƙarshe, da kuɗin jarrabawar TRCN. Asusun ba ɗalibai rance da aka buɗe a 2024 ya rage wa ɗaliban makarantun gwamnati nauyi. Shekarun da aka rubuta a takarda ma ba tabbas ba ne, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Aiki kuwa yana nan amma ba inda ɗalibai suke hange ba. Manufar ilimi ta tanadi mai ba da shawara a makarantu, an kuma kafa majalisar masu wannan sana'a da doka a 2022, amma a makarantu da yawa mai ba da shawara malami ne mai cikakken jadawali, wanda aka liƙa wa takarda a ƙofar wani ɗan ɗaki da babu yarinyar da za ta shiga ta faɗi damuwarta ba tare da rabin makaranta sun gan ta ba. Inda na ga masu wannan digiri sun fi samun daraja shi ne makarantun renon yara masu zaman kansu, da makarantun kurame da makafi, da ƙungiyoyin agaji masu kula da yaran da rikici ya raba da gidajensu a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ta ƙara wa aikin gwamnati ɗan armashi a inda aka aiwatar da ita.

Idan aka jera ƙofofin uku, wadda na fi yabawa ita ce ta mai NCE da ya riga ya riƙe alli na wasu shekaru sannan ya dawo jami'a. Irin wannan ɗalibi idan aka ambaci matakin da yaro yake neman ya ga ya iya wani abu ko ya ji shi ba kowa ba ne, wanda Erikson ya sanya tsakanin shekara shida da sha biyu, fuskar wani yaro ce take faɗo masa a rai, ba layin takarda ba, kuma da kansa yake haɗa abin da jami'a ta raba. Ta biyu ita ce digiri a darasin koyarwa, sai PGDE, sai digiri na biyu a halayyar ɗan'adam a fagen ilimi, hanya ce mai tsawo amma mai ita ba ya rasa amsar me zai koyar. Wadda ta fi rauni ita ce ta yaron da ya nemi lauya ko likitanci, makinsa bai kai ba, aka jefa shi tsangayar ilimi, ya shekara huɗu yana jiran ranar fita. Karatu daga nesa, ko a Cibiyar Horar da Malamai da take haɗuwa da ɗalibanta a ƙarshen mako, ko a Buɗaɗɗiyar Jami'a da take ba da kashi 30 na maki ga ayyukan da ake yi ta kwamfuta da kashi 70 ga jarrabawa, mutane suna raina shi, ni kuwa ban raina shi ba ga malamin da yake bakin aiki ko matar aure da ba za ta iya barin gari ba, domin abin da ta karanta ranar Asabar tana da ajin da za ta gwada shi ranar Litinin. Ga wanda ba shi da aji kuwa, karatu daga nesa yana ƙara nesanta shi ne da yaran da ya kamata ya sani. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE ta buɗe wata ƙofa da ta cancanci a sa mata ido, saboda kwalejoji sun fi jami'o'i ɗaukar gwajin koyarwa da muhimmanci tun asali.

Wanda ya yanke shawarar shiga, ina ba shi shawara ya je sashen da ƙafarsa kafin ya biya ko kwabo, ya nemi ɗan aji huɗu ba jami'in karɓar ɗalibai ba, ya tambaye shi ko ana ɗaukar darasin koyarwa har ƙarshe, ko akwai kwas na koyar da karatu a ƙananan azuzuwa, da kuma ko an taɓa tura su lura da yara a wata makaranta kafin gwajin koyarwa. Idan lokacin gwajin ya zo kuma aka ba shi zaɓi, ya nemi firamare, ya roƙi hedimasta ya ba shi aji ɗaya ko aji biyu maimakon manyan azuzuwan da kowa yake rububi saboda sauƙinsu, ya kuma nemi izinin zama a bayan ajin tsohuwar malamar da ta fi daɗewa a makarantar na mako guda kafin a miƙa masa rajistar aji.